Sanyin da Ke Dawowa da Azahar

Dutsin-Ma,
Litinin, 8 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Kaka Ilu Mai Sanyi,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da mutanen gida. Yaya ƙafa, yaya damina? Mu nan sai godiya. Gogo ta ji sauƙin tarin. Ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ba don kun zama 'ya'yan wa da ƙani ba da tuni ta manta kamanninka, shekara biyu ba ka leƙo ta ba.

Ni ce Muhsina jikarta, wadda ta karanta gyaran firji da na'urar sanyi. Da waya zan kira ka, sai Gogo ta ce shekara talatin da ka yi cikin ƙarar injin masaƙa a Kaduna sun tafi da kunnenka, yanzu ko tsawa aka yi sai dai ka ga walƙiya. Shi ya sa na rubuta na ba Jibo direba, tunda kullum yana bi ta Kurfi.

Kaka, aiki ne ya sha mini kai. Akwai wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a nan, ta wani Alhaji Ɗanmusa, zaure ɗaya mai cin mutum ɗari biyu. Na'urar sanyinsu babba ce guda ɗaya: rabinta na waje, rabinta na cikin silin, iska na bin bututu tana sauka ko'ina. Tun da ruwa ya zauna ta ɗauki wani hali. Da safe lafiya lau. Wajen sha biyu da rabi sai ta ɗauke ɗif, zaure ya zama tanda, kwamfutoci su fara mutuwa ana tsakiyar jarrabawa. Wajen ƙarfe biyu sai ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Na auna gas, cike yake. Na wanke filta, na duba fanka da kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, na bi waya ɗaya bayan ɗaya a waje. Ban ga komai ba. Ƙofar hawa silin kuwa cikin zaure take, kuma doka ce ba mai shiga ana jarrabawa, don haka ban taɓa ganin cikinta a lokacin da take mace ba.

Da a kan sunana kaɗai ne da ban dame ka ba. Mai gadin wurin Malam Hudu ne, maƙwabcinka. Shi ke riƙe da makullin ɗakin janareta, kuma makunnin na'urar a can yake. Alhaji ya lura da zarar ya iso yin azahar sanyi ke dawowa, sai ya yanke cewa Malam Hudu ne ke kashe ta don janareta ya rage shan dizal, ya tatse ragowar, in ya hango motarsa ya kunna. Ranar Alhamis ta ƙarshen watan jiya, bayan an sallame salla, a gaban mutane, ya ce masa, "Malam Hudu, dizal ɗin da kake ragewa wa kake sayar wa?" Tsohon nan ya naɗe tabarmarsa ya koma bakin ƙofa.

Alhaji ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ya ce in ba a sami ciwo a jikin ƙarfe ba, to a jikin mutum yake, zai kore shi ya haɗa shi da 'yan sanda. Shekararsa goma sha ɗaya a ƙofar nan. Ni zuciyata ba ta yarda ba, amma Alhaji ba zuciyata zai duba ba. Ka taimake ni da abin da ka sani.

Jikarka,
Muhsina.

*

Kurfi,
Laraba, 10 ga Yuli.

Amaryata Muhsina,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, na kuma gode da aka tuna da tsohon miji ranar da tukunya ta ƙi tafasa. Muna lafiya, gero ya kai gwiwa. Ƙafa tana nan da halinta. Ki ce wa Gogo hanyar da ta kawo Jibo Kurfi ita ce ke komawa Dutsin-Ma, ita ma ba ƙaya aka shuka mata ba.

Maganar Hudu ta riga takardarki isowa. Mako biyu ke nan bai zo gida ba, ya aiko wai aiki ya yi yawa. Kunya ce. Tare aka yi mana kaciya da Hudu. Mutum ne da in ya tsinci allura sai ya yi cigiya har ya gundure ku. Yana da wauta irin tasa, wannan ban musa ba, amma ba ya ɗaukar abin wani. Na karanta abin da aka faɗa masa, tuwon dare ya gagare ni.

To ga abin da na sani. Injin da ya mutu ya mutu, ba ya tashi don ya ga motar Alhaji. Wanda ke ɗaukewa ya dawo da kansa, lafiyarsa ƙalau, wani abu ne a jikinsa ke tsayar da shi don kada ya yi ɓarna, in abin ya wuce ya sake shi. Masu ƙera su suna sa 'yan gadi iri-iri a ciki, na zafi, na ƙarfin gas, na wuta. Aikinki ki gano wane ɗan gadi ne ke tsayar da ita, da abin da yake gani.

Kada ki canza ko ƙusa ɗaya tukuna. Yaran yanzu da sun ga duhu sai su tafi kasuwa sayen kaya. Ki sayi littafin makaranta. Kullum ki rubuta ƙarfe nawa ta ɗauke, ƙarfe nawa ta dawo, mutum nawa ne a zaure, an yi ruwa ko rana aka yi, da abin da mutanen wurin suke yi a daidai lokacin. Wannan na ƙarshen kada ki raina shi. Na taɓa kwana tara ina neman ciwon wani inji, ashe wani ne ke shanya rigarsa a bakin iskar.

Ki kuma amsa mini waɗannan. Rana na dukan na wajen da tsakar rana? Akwai gini ko itace da ya matse shi? In ta ɗauke, wuta na zuwa wajen kwamfuresa ko daga ciki aka hana ta? Ruwan da take tatsa daga iska ina yake fita?

Ruwa ba ya tsami banza, za ki gano shi. In kuma ya gagare ki, ki ajiye sifana da sauran kayan gyara ki taho ki tuƙa mini tuwo, dama na gaya wa Gogo wannan hannu na muciya ne.

Ki ce wa Hudu ina gaishe shi, kuma ƙofarsa na nan inda ya bar ta.

Angonki,
Ilu.

*

Dutsin-Ma,
Talata, 16 ga Yuli.

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Gogo ta ce ba ta amsa maganar ƙaya sai ta gan ka ido da ido.

Zan fara da laifina. Na canza ma'aunin zafi na jikin bango, duk da ka hana. Alhaji ne ya tsaya a kaina yana cewa kwana uku bai ga na riƙe komai ba sai biro. Na sa sabo ranar Asabar, jiya Litinin ta ɗauke kamar yadda ta saba. Na ji kunya ƙwarai.

Ga abin da ke cikin littafi. Alhamis an kwana ana ruwa, zaure cike, ta ɗauke sha biyu da kwata, ta dawo biyu da minti goma. Juma'a ba ta ɗauke ba, amma ana tashi sha biyu. Asabar mutum arba'in ne kawai, ba ta ɗauke ba har yamma. Jiya zaure cike, rana tsaf, ta ɗauke ɗaya saura minti biyar, ta dawo biyu da minti biyar. Abin da mutane ke yi in ta ɗauke, ba komai, jarrabawa ake. Lokacin dawowarta kuwa ba na wurin, ina ofishin Nana Khadija, sakatariyar cibiyar, nan muke salla ni da ita. Muna sallamewa sai mu ji sanyi na sauka.

Amsar tambayoyinka: na wajen yana inuwar gini, ba abin da ya matse shi. In ta ɗauke wuta na nan, daga ciki ne umarni ba ya zuwa. Maganar ruwa kuwa, na hau silin da sassafe sau biyu, tiren da ke tare shi a bushe yake, bututunsa yana fita ta bayan gini. Nan ba matsala.

Jiya na karɓi makullin ɗakin janareta na zauna ciki ni kaɗai tun sha ɗaya, Malam Hudu na can bakin ƙofa. Ina kallon makunnin da idona ta ɗauke, ba wanda ya taɓa shi. Na tafi da murnata na gaya wa Alhaji. Ka san abin da ya ce? "Ɗan garin kakanki ne, dama me za ki ce? Ni abin da ya lalace nake son ki ɗora mini a tebur." Wallahi sai da na ciji leɓe don kada in yi masa rashin kunya.

Malam Hudu ya rame. Ya daina cin abinci tare da masu shara, shi kaɗai yake komawa gefe. Na isar masa da gaisuwarka, ya ce, "Ki ce ma Ilu sai na wanke." Saura kwana goma sha biyar. Me zan duba kuma?

Muhsina.

*

Dutsin-Ma,
Talata, 23 ga Yuli.

Kaka Ilu,

Ina gaisuwa. Yau kwana bakwai da na rubuto maka, ban ji daga gare ka ba. Jibo ya rantse ya ajiye takardata wajen mai shayin bakin tasha kamar yadda ka ce a riƙa yi.

Na sake karanta taka ta farko. Da na ɗauki maganar muciya wasa ce irin ta kaka da jika. Yanzu da ka yi shiru bayan na gaya maka na saɓa maganarka, na fara tunanin ko da gaske kake, ka ga ba zan iya ba ka bar ni. In haka ne ba komai, ba kai ne na farko da ya faɗa ba, tun muna makaranta nake jin ta. Amma ta fi zafi daga bakinka.

Sifana dai ba zan ajiye ba. Na bi duk wayoyin da ke cikin bango da mita, na rubuta wa waɗanda suka kafa na'urar su turo mini zanen wayoyinta, ba su amsa ba. Alhaji ya fara tambayar mutane ko sun san wani mai gadi. Saura kwana takwas. Ko ka amsa ko ba ka amsa ba, ina nan a kanta.

Muhsina.

*

Kurfi,
Laraba, 24 ga Yuli.

Muhsina jikata,

Sallama da gaisuwa. Yau da hantsi na karɓi takardunki biyu a tare. Na je gonata a Tamawa duba masu yi mini maimai, zazzaɓi ya kwantar da ni a can kwana shida, ruwa kuma ya ci hanya. Na ji sauƙi, sai jiri kaɗan.

Takardarki ta biyu ta sosa mini rai. Ke wace irin amarya ce da ba ta san wasan miji ba? Da na ga ba za ki iya ba da ban ɓata tawadata ba. Littafin da kika rubuta ya fi na wasu injiniyoyi da na yi aiki a ƙarƙashinsu. Maganar muciya na janye ta, dama an ce tuwonki gudaji ne.

Yanzu buɗe littafinki mu karanta tare. Ran da mutane suka yi yawa tana ɗaukewa, ran da suka yi kaɗan ba ta yi. Ran da aka kwana ana ruwa tana riga lokaci, ran da aka yi rana tana jinkiri. Da rani ba ta taɓa yi ba. Mene ne ke ƙaruwa da damina, yake kuma ƙaruwa da numfashin mutum ɗari biyu? Laima ce. Laima kuwa in ta shiga na'urar sanyi ruwa take zama. Irin wannan babbar tana iya tatsar jarka biyu kafin azahar.

A ganina wani abu ne ke cika a hankali tun safe. In ya cika ruwa ya rasa hanya, ya koma baya ya taru a tire. Akwai wani ɗan makunni da ake sa wa a gefen tire, mai iyo kamar ƙwallon tankin ruwa. In ruwa ya ɗaga shi sai ya kashe komai don kada silin ya jiƙe ya rufto wa mutane. Ban ambace shi a farko ba, wannan sakacina ne, mu a masaƙa ba mu cika sa shi ba. Ke kuma da sassafe kike hawa, lokacin da tire ya kwana ya tsane.

Kin rubuta mini cewa bututu yana fita ta bayan gini, nan ba matsala. Kin je bayan ginin? Kin ga bakin bututun da idonki, ko gaya miki aka yi? Ina zargin ba ki je ba, kuma ina jin na san dalili. Duk abin da ke cika da safe, wani ne ke rage shi da ƙarfe biyu, a daidai lokacin da ke kina ɗaki kin ta da kabbara.

Ki bi bututun nan da hannu tun daga tire har inda ya ƙare, ko da a ina ya ƙare. Gani ya kori ji.

Ilu.

*

Dutsin-Ma,
Juma'a, 26 ga Yuli.

Kaka,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yafe mini zargin da na yi maka.

Ka yi gaskiya, ban taɓa zuwa ba. Bayan ginin nan ne makewayin maza da wurin alwalarsu. Wata uku ina aiki a cibiyar ban taɓa karya kwanar ba, ko a raina ban kawo cewa aikina zai kai ni can ba. Wani mai shara na tambaya ya ce mini ruwa na fita, na rubuta maka.

Yau da aka watse aka tafi masallacin Juma'a na zagaya. Bututun ya sauko jikin bango, an ɗaura masa tiyo, tiyon ya shiga bakin wani shuɗin duro mai ƙaramin baki. An naɗe wurin da robar tayar keke tam, ko iska ba ta fita. A gindin duron an sa famfo, butoci shida a jere. Na hau silin na laluba bayan tire, inda ido ba ya kaiwa, na taɓo ɗan makunnin da ka faɗa. Na kunna na'urar na ɗaga shi da yatsa, ta ɗauke. Na sake shi, ta tashi.

Ina saukowa na koma wajen duron, sai ga Malam Hudu ya dawo daga masallaci. Ya gan ni, fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun kafin maganar nan. Ya ce, "Ɗiyata, kin ga dabarata? Ruwa garai yana zuba ƙasa a banza, na ce wannan almubazzaranci ne. Na ɗaure bakin don ƙadangaru. Shi kansa Alhaji ba ya alwala da wani ruwa sai wanga, ya ce ya fi na famfo sanyi."

Kaka, na yi masa sallama na taho. Wata guda ina neman abin da zai wanke shi, na samo, kuma hannunsa ne a ciki. In na faɗa, Alhaji zai ce to ai ga shi, shi ne ya jawo masa asarar jarrabawa. Zan iya kwance robar nan a ɓoye in huda duron ta sama, ciwo ya warke ba wanda ya ji. Tun ɗazu nake juya abin. Me ka gani?

Muhsina.

*

Kurfi,
Asabar, 27 ga Yuli.

Muhsina,

Lafiya lau, jiri ya tafi. Na yi dariya har na yi hawaye, daga baya dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba. Wannan aikin Hudu ne sak.

Kada ki gyara a ɓoye. In sanyi ya daina ɗaukewa ba a ga dalili ba, Alhaji zai ce ɓarawo ya ji tsoro ya tuba. Hudu zai ci gaba da riƙe makulli, ana kallonsa da wannan ido har ya mutu. Ba abin da aka aike ki nema ke nan ba.

Ki fara gaya wa Hudu shi kaɗai, kada ya ji a bakin taro. Abin da ya zaɓa shi za a yi, sunansa ne. In ya yarda, kada ki yi wa Alhaji dogon bayani, mai kuɗi ba ya jin karatu. Ki bari ta ɗauke, ki kai shi wurin, ya buɗe famfon da hannunsa.

Za ki shiga wurin maza da rana tsaka. Ki gyara mayafinki ki yi sallama ki shiga, aiki ne ya kai ki.

Kakanki,
Ilu.

*

Dutsin-Ma,
Talata, 30 ga Yuli.

Kaka Ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙarfi ya dawo. Mu duka lafiya, Gogo na gaisuwa.

Ranar Lahadi da hantsi na sami Malam Hudu a bakin ƙofa na gaya masa komai. Ya saurara har na gama. Can ya ce, "Ashe ni ne." Na ce masa akwai hanyar da zan bi ba wanda zai sani. Ya girgiza kai ya ce, "A'a ɗiyata, ki faɗi. In an kore ni a kan duro na ɗauka, in je Kurfi in ce wauta ta kore ni, a yi mini dariya kwana biyu. Amma ba ni iya shiga garin nan da sunan ɓarawo."

Allah ya taimake mu aka yi ruwa daren Lahadi, jiya kuma zaure ya cika. Tun da safe na kulle ɗakin janareta na aika wa Alhaji da makullin har gida. Sha biyu da minti ashirin ta ɗauke. Na kira shi na ce ya zo yanzu in yana son ganin abin da ya lalace. Ya iso yana huci, makulli na aljihunsa.

Na ce ya biyo ni. Da na nufi bayan gini sai ya tsaya ya ce, "Ke, ina za ki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, inda ciwon yake." Na ci gaba da tafiya, ya biyo ni. Direbobi biyu na zaune a wurin, suka miƙe suna kallona kamar sun ga akuya a masallaci. Na yi sallama na wuce. Na nuna masa tiyon, na sa ya taɓa ya ji yadda ya cika ya yi tauri. Na ce ya buɗe famfo ya bar shi. Ruwa ya yi ta zuba yana bin ƙasa har ya jiƙa masa takalmi. Ba a yi minti huɗu ba muka ji kwamfuresa ta kama a ɗaya gefen.

Alhaji ya dubi duron, ya dubi butocin. Ya ce, "Wannan ruwan da nake alwala da shi?" Na ce shi ne. Na ce duk ran da ya iso ya cika butarsa, sauran mutane suka bi bayansa, su ne ke ta da na'urar. Malam Hudu na tsaye gefe ya ce, "Ni na ɗaura shi, Alhaji. Ban sani ba." Alhaji ya juya ya shige ofis.

Na bi shi. Ya zauna yana wasa da makullin, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ki gyara bututun. Ki ce wa Malam Hudu ya ci gaba da aikinsa, magana ta wuce." Na ƙi karɓa. Ban san inda na sami bakin ba, Kaka. Na ce, "Alhaji, bututu zan gyara yau ɗin nan. Amma saƙon nan ba ni zan kai ba. A gaban mutane aka faɗa, waɗanda suka ji suna nan, sun kai ta har Kurfi." Ya ce, "Yarinya, ni za ki koya wa magana?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ni ban isa ba. Ka ce in ɗora maka abin da ya lalace a tebur. Na ƙarfen na nuna maka, saura ɗayan." Na fito ina jin ƙila aikina a wurin ya ƙare, kuma ban damu ba.

Na yanke tiyon, na sa bututun ya riƙa zuba a mazurari daga sama, na huda wa duron hanyar da zai zubar in ya cika. Ruwan alwala na nan, na'ura kuma ba ta sake ɗaukewa ba, yau ma ta wuni lafiya.

Jiyan da azahar Alhaji ya yi sallarsa ya koma ofis. Na zaci shi ke nan. Da la'asar ina ofishin Nana Khadija, tagarta na kallon rumfar da maza ke salla, aka sallame, mutane sun fara neman takalma, sai na ji muryarsa. Ya ce, "Jama'a ku dakata. Maganar da na yi wa Malam Hudu a nan wurin, ban yi daidai ba. Bai ɗauki ko cokali ɗaya na dizal ɗina ba. Malam Hudu, ka yafe ni." Ya ciro makullin ya miƙa masa da hannu biyu.

Malam Hudu ya karɓa ya ce, "Allah ya yafe mu baki ɗaya." Mutane suka yi ta miƙa masa hannu. Da suka ragu sai ya ɗauki buta ya zagaya gefen rumfar ya tsuguna, wai zai yi alwala, alhali yanzun nan aka idar da salla. Ya wanke hannu, ya kurkure baki. Da ya zo kan fuska ya daɗe a wurin, yana ta zuba ruwa har butar ta ƙare. Ni da Nana Khadija muka saki labule.

Ya ce in gaya maka yana tafe ranar Juma'a a motar Jibo, a gaban mota zai zauna.

Jikarka,
Muhsina.